Lambar Malam Da Ta Kai Mu Yamai

Tun kafin a yi zancen wata tafiya, akwai abin da nake ɗauke da shi a ciki wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Malam, maigidana, yana da kawu a ƙauyensu wanda hankalinsa ya gushe yana tsakiyar ƙarfinsa. Ba ya duka, ba ya zagi. Ya dai tashi wata rana ya ce gulbin garin nasa ne, shi ya haƙa shi da hannunsa, kuma duk wanda ya ce masa ba haka ba ne sai ya ce bai yarda ba, mutumin ya zama abokin gabarsa har abada. Na gan shi lokacin bikinmu, zaune a bakin ruwa cikin tsumma yana ƙirga jiragen masunta. Da na haifi ɗiyata ta fari, wadda muke kira Ladi, sai na riƙa duban idonta ina tambayar kaina ko irin wannan abu yana bin jini.

Ku matan unguwarmu ta Badariya kun dame ni da tambaya tun da muka dawo daga Yamai. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure a bakin famfo, kowace ta tafi da nata guntun ta ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna, da ɗan karatun da na samu, na rubuta shi daga farko har ƙarshe.

Malam yana koyar da lissafi a firamare a nan Birnin Kebbi. Bayan aurenmu ya sayo wani tsohon littafi a Sakkwato, daga nan ya kamu da son wasu lambobi da yake kira gagara-rabo. Ranar da na tambaye shi ma'anarsu, sai ya jawo kwandon albasar da nake kasawa a ƙofar gida.

Ya ce, "Kasa mini sha biyu, kashi daidai."

Na kasa uku-uku, na kasa huɗu-huɗu, na kasa shida-shida, duk suka tafi lafiya. Ya ƙara guda ya ce in kasa sha uku. Na juya ta kowace hanya, kullum sai an samu saura.

"Kin gani? Wannan ba ta kasuwa sai ɗai-ɗai, ko ki bar ta dunƙule. Bakwai haka take, sha ɗaya haka take. Kuma ana hawa sama suna ƙara wuyar samu."

Har nan ban ga laifi ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne lambarsa ta kansa. Ya ɗauki gagara-rabo a jere, biyu, uku, biyar, bakwai, har zuwa sittin da bakwai, ya yi ta ninka wannan da wancan, a ƙarshe ya ƙara ɗaya. Ya ce wannan ɗayan shi ne sirrin, domin duk cikin waɗanda ya ninka babu mai iya raba ta, kullum ɗaya zai rage. Lambar ta fito doguwa, ta cika layin takarda daga wannan gefe zuwa wancan. Ya sa a ransa ita ma gagara-rabo ce, sai ya shiga gwada ta da lambobin da ke sama da sittin da bakwai, ɗaya bayan ɗaya, don ya tabbatar babu mai raba ta. Ya fara ina da cikin Ladi, har ta fara tsayawa bai gama ba.

Kun dai ga yadda ya koma. Tuwo ya huce a gabansa bai sani ba. Bangon zaurenmu ya cika da rubutun gawayi. Wata rana ya taso daga makaranta yana motsa baki, ya wuce ƙofar gidansa, sai a unguwar Gesse wani ya tare shi ya juyo da shi. Aka fara ce masa Malam Lamba. Wata daga cikinku, ba zan faɗi suna ba, ta kawo mini hayaƙi a ƙunshe ta ce in riƙa turara masa matashi. Na karɓa, na kuma turara.

Ana haka sai wani abokin aikinsa ɗan Kangiwa ya gaya masa yana da ɗan'uwa a hayin Nijar, Mushe Isufu (Mushe shi ne Malam a Faransancinsu), mai koyar da lissafi a jami'ar Yamai, kuma suna da na'ura mai ƙwaƙwalwa da za ta iya gwada lambar. Malam ya ƙudura zai tafi da hutu. Kafin hutun ya zo, labari ya kai Argungu, mahaifina ya aiko a zo da ni.

Mun tarar da Baba a gindin darbejiya yana ɗinkin tarunsa na kamun kifi. Ya amsa gaisuwar Malam da mutunci, ya bar shi a zaure, ya kira ni ciki shi da Inna.

Ya ce, "Ɗiyata, mi nika ji? An ce mijinki na magana da bango."

Na ce, "Lissahi ne, Baba."

"Kawunai ma ƙirga yaka yi." Ya dube ni. "Ni ban san boko ba, amma na san idonki. Tun kina ƙarama ke ka gane kihin da ya kwana tun daga nesa. Ki bi shi wagga tahiya. Ki duba mutanen da za shi wurinsu, ki duba shi. In kin dawo kin ce mini lahiyatai lau, na yarda. In ko ba haka ba, ke da jikata ku dawo gida, ba ni barin ku hannun wanda bai san ƙohwar gidanai ba."

Inna ta ƙulle mini bandar kifi ta tsaraba, tana share ido da bakin zane. Malam bai san an yi wannan magana ba. Ya ɗauka sha'awar ganin gari ce ta sa na nace zan bi shi, har ya yi murna. Wannan murnar tasa ta fi komai yi mini ciwo a hanya.

Da hutu ya zo, daga Argungu muka shiga fijo mai zuwa Kamba ta Kangiwa. An cusa mu kamar buhuna, ni da wata tsohuwa 'yar Dosso mai suna Hajiya Gambi a kujerar baya, Ladi a cinyata. Hanyar ta lalace bayan ruwa, sau da yawa maza suka sauka suka tura. Malam ya rungume jakar takardunsa a ƙirji, ko da ya sauka turi bai ajiye ta ba. Hajiya Gambi ta dube shi, ta dube ni, ta miƙo mini goro.

A Kamba ma'aikatan namu ba su tsaurara ba. A shingen jandarmomi kafin Gaya ne muka sha wuya. Maƙwabciyata Maman Chinyere, mai shagon kayan miya, ta riga ta gargaɗe ni da in riƙe katin rigakafin yarinya, ta ce mutanen can ba sa wasa da takarda. Na miƙa katin ga wani jandarma matashi. Ya duba, ya tambaye ni da Hausarsa mai kauri, "Madam, mi sunan yarinya?"

Na ce, "Ladi."

"Ba shi ne nan ba. Sunanta na gaskiya."

Kun san ɗiyar fari ce. Bakina ya ƙi buɗuwa. Tun ranar suna ban taɓa furta sunan nan ba, balle a gaban maza a bakin hanya.

"To mi sunan mijinki?"

Nan ma na sunkuyar da kai. Fuskarsa ta canza, ya fara duban Ladi yana duban fuskata, na gane zargin satar yarinya ya shiga ransa. Malam yana can wani gefe ana zazzage jakarsa, bai ji ba. Hajiya Gambi ce ta taso da sandarta.

"Kai ɗan nan, uwarka ta taɓa kiran sunan yayanka? Ɗiyar hwari ce! Dubi hancinsu iri ɗaya, ka bar baiwar Allah ta huta."

Sauran jandarmomin suka yi dariya, shi ma ya ji kunya ya mayar mini da katin. Amma takardun Malam sun riƙe mu. Babbansu ya baza su a tebur, lambobi shafi bayan shafi babu kalma ko ɗaya, ya ce wannan saƙon ɓoye ne, wa za a kai wa? Malam ya fara bayani. Ya nemi a jera fasinjoji sahu-sahu don ya nuna yadda wasu lambobi ba sa jeruwa daidai. Yana magana idonsa na ƙyalli, bai lura mutane suna taɓa juna ba. Babban ya saurara har ya gaji, ya tattara takardun ya miƙa masa. Da zan wuce sai ya rage murya ya ce mini, "Allah ya ba ki haƙuri, Madam. Allah ya ba shi lahiya."

Daga nan har Dosso ban sa komai a bakina ba. A Dosso Hajiya Gambi ta sauka, ta saya mini kopto, wato kwaɗon zogale irin nasu mai yawan ƙuli, ta tsaya a kaina sai da na ci saboda nono. Ta ce, "Ɗiyata, kar ki yanke hukunci a bakin hanya. Jandarma ba likita ba ne."

Yamai gari ne mai faɗi, gulbinsu ya ninka namu na Argungu, da doguwar gada a kai. Jami'ar tana hayin ruwa, gidan Mushe Isufu ma can yake. Ya tarbe mu kamar ya san mu, mutum mai ƙiba da fara'a, ɗan Dogon Dutsi, Hausarsa kusa da tamu. Matarsa, Madam Hamsatu, Bazabarma ce mai aikin jinya. Gaisuwarsu fofo, na koye ta a ranar. Abubuwansu sun ba ni mamaki. Burodinsu dogo ne kamar muciya, mai tauri, ana tsoma shi a madara da gahawa. Da rana tsaka gari ya mutu, ofisoshi su rufe, kowa ya koma gida ya kwanta sai la'asar ta kusa. Madam tana hawa ƙaramin babur da kanta zuwa aiki. Kuma a tebur ɗaya take ci da mijinta, tana kiran sunansa gatsau, "Isufu, miƙo gishiri." Karon farko da na ji, sai da cokali ya faɗi daga hannuna. Ta yi ta dariya, ta ce in gwada kiran nawa ko sau ɗaya in ji daɗinsa. Na ce ta rufa mini asiri. Bandar kifin Inna kuwa ta yi mana rana, Madam ta ce rabon da ta ci irinta tun tana yarinya.

Ni dai aikin da Baba ya ba ni nake yi. Na duba Mushe Isufu sosai. Yana cin abinci da kyau, yana wasa da 'ya'yansa, rigarsa a goge. Amma da Malam ya buɗe jakarsa, sai na ga ƙyallin nan na idon Malam ya bayyana a nasa idon. Suka duƙufa har shayinsu ya huce. Madam ta taɓe baki ta ce mini, "Haka suke duka. Nawa ya taɓa tafiya aji da takalmi wari-wari." Wannan magana ta ɗan sassauta mini ƙirji, sai dai ba ta isa in kai wa Baba ba.

Washegari aka kai mu ɗakin na'urar. Sanyi kamar cikin randa, sai da na ƙara lulluɓe Ladi. Na'urar kamar talabijin ce da tafireta a gabanta. Mushe Isufu ya buga lambar Malam a hankali, Malam yana karanto masa da ka, ko takarda bai duba ba. Muka jira. Ba a daɗe ba wani rubutu ya fito. Mushe Isufu ya cire tabarau ya goge.

Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Tana rabuwa."

"Wa ya raba ta?"

"Ba ta faɗa ba tukuna. Wannan gwajin yana nuna akwai mai rabawa ne kawai, ba ya nuna ko wane ne."

Malam ya miƙe tsaye. Muryarsa ta tashi yadda ban taɓa ji ba. "Yaya za a ce tana rabuwa ba a san mai raba ta ba? Ni na gwada dubbai da hannuna! Ban yarda ba!"

Kalmar kawunsa ke nan, ban yarda ba. Na ga bakin gulbin nan da tsumman nan, na ga kaina a motar Argungu da kayan ɗakina. Mushe Isufu ya juyo wurina, ina jin don ya ba Malam lokaci ya huce, ya tambaye ni yadda nake zaɓen tukunya a kasuwa. Na ce ƙwanƙwasawa nake yi, in tana da tsaga sautinta zai nuna.

"Kina ganin tsagar?"

"Ba kullum ba."

"To haka na'urar ta yi. Ta ƙwanƙwasa ta ji. Neman tsagar kuma wani aiki ne, zai ɗau lokaci. Za mu bar ta tana nema."

Kwanakin jiran nan ba na fatan maimaita su. Malam ba ya ci, ba ya magana, yana zaune a gindin bishiyar tsakar gida da jakarsa. Ladi ta rarrafa ta kama ƙafarsa, bai duba ta ba. Ni kuma ina taya Madam tsintar shinkafa ina kallonsa ta taga. A cikin kwanakin na tambayi Mushe Isufu wace ce babbar gagara-rabo a duniya, don in an kai gare ta kowa ya huta. Ya ce babu babba. Ya ce magabata sun tabbatar da haka tun zamani mai nisa, kuma da dabarar nan ta Malam suka yi: ko nawa ka tara, ninka su ka ƙara ɗaya, abin da ya fito ko dai sabuwar gagara-rabo ce, ko kuwa akwai wata sabuwa da ke raba ta wadda ba ta cikin tarinka. Ya ce mafi girma da aka sani yanzu, rubuta ta kaɗai sai ya cinye shafuka masu yawa, kuma gobe wani zai samo wadda ta fi ta. Na ce to ina amfaninsu? Ya ce an fara kulle saƙonni da su yadda ɓarawo ba zai buɗe ba, amma gaskiya yawancin masu nemansu don son sani kawai suke yi. Na ji daɗi da bai yi mini ƙarya ba, ban ji daɗin cewa abin ba shi da ƙarshe ba.

Ranar da amsa ta fito, da hantsi Mushe Isufu ya dawo gida da 'yar takarda mai lambobi biyu, kowace ta kai tsawon yatsa. Ya ce ko ƙaramar cikinsu, da Malam zai ci gaba da gwaji da hannu, shi da 'ya'yansa da jikokinsa ba za su iso gare ta ba. Malam ya karɓa. Ya zaro farar takarda, ya ɗora a gwiwa, ya fara ninka ɗaya da ɗayar da kansa, ya ga ko lambarsa za ta fito.

Na fito na zauna a kan turmi nesa kaɗan, Ladi a bayana. Ban san lissafin ba, amma na san fuskarsa. Layi yana bin layi, kowane ya ɗan matsa hagu, har takardar ta kusa cika. Ya ja dogon layi ya fara tarawa daga dama. Lambar nan na gan ta a bangon zaurenmu har na haddace ƙarshenta, tara da ɗaya. Na ga ya rubuta ɗaya. Na ga ya rubuta tara. Hannunsa ya tsaya, sannan ya ci gaba har ƙarshe. Aka kira azahar bai ɗago ba sai da ya gama.

Ya ajiye alƙalami a ƙasa. Hawaye ya zubo masa, bai ɓoye ba. Sannan ya ce, "Ta rabu. Mushe, kai ke da gaskiya, ni na yi kuskure. Ka yafe mini ɗaga muryar da na yi." Ya juyo ya gan ni. "Ke, tun yaushe kike nan cikin rana da yarinya? Kawo ta." Ya karɓi Ladi ya ɗora a kafaɗa, ya tambayi Madam ko akwai sauran dambu, yunwa yake ji.

Na shiga bayan ɗaki na yi kukan da na riƙe tun daga shingen Gaya.

Dawowa ba ta yi wuya ba. Jandarman da ya tambaye ni suna ya gane mu, ya ce, "Ladi, an dawo?" Malam kuwa yawancin hanya kamar mai makoki yake. Wajen Kangiwa ya ce mini ya san ya bar ni da wahala, ya kuma san da hayaƙin matashi tun ranar farko, ya ƙyale ne don hankalina ya kwanta.

A Argungu Baba yana inda muka bar shi, da tarunsa. Ya sake kira na ciki.

"To, mi kinka gani?"

"Lambar ta rabu, Baba. Aikin nan duka ya tashi a banza."

"Shi hwa?"

"An nuna mai, ya duba da hannunai, ya ce ya yi kuskure. Har ya roƙi gahwara."

Baba ya daɗe yana duban zaren da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Kawunai har ya mutu bai taɓa ce ma kowa kai ad da gaskiya ba." Ya ɗaga murya, "Inna, a dahwa ma surukina giwan ruwa, kuma a haɗa ma ɗiyarki kayanta, gobe gidanta za ta."

Ba zan ce muku Malam ya daina ba. Ya shafe bangon zaure da farar ƙasa, amma Mushe Isufu ya koya masa gwajin ƙwanƙwasawar nan, kuma na ga ya fara wata sabuwar lamba a takarda. Sai dai yanzu yana cin tuwonsa da zafi, yana kuma shigowa ƙofar gidansa. Ni ma ba zan ce tsorona ya tafi duka ba. Jiya na ga Ladi tana jera gyaɗa sahu-sahu a tabarma, gabana ya faɗi, sannan na tuna duk yara haka suke yi.

Abin da nake roƙonku guda ne. Malam babba ne, zai iya ɗaukar sunan da kuka sa masa. Amma yarinyar nan ta fara gane magana, kuma na ji 'ya'yanku suna kiranta ɗiyar mahaukaci in ta fito ƙofar gida. Don Allah ku hana su. Tana da suna, kun halarci bikin raɗa shi, kun ci tuwon. Ni bakina ba zai iya faɗinsa ba, amma naku zai iya. Ku kira ta da shi.